Jinin da Ya Zo Ba a Kan Lokacinsa Ba

Akwai wata tambaya da ke yawo a tsakanin mata, daga amarya har uwargida, daga bazawara har budurwa, kuma kusan kullum da murya ƙasa-ƙasa ake yin ta. An sadu ba tare da wata kariya ba, bayan 'yan kwanaki sai ga jini, amma ba irin wanda aka saba gani ba. Wata nata ya riga lokacinsa da mako guda. Wata ɗigo-ɗigo ne kawai, ya ɓata kamfai ya ɗauke. Wata baƙi-baƙi ne, tsinkakke, yau ya zo gobe ya tafi. Wata kuma ya ɓalle mata da gudaji ya ƙi tsayawa. Sai zuciya ta shiga saƙe-saƙe: al'ada ce ta rikice, ciki ne ya shiga, cikin ne yake fita, ko kuwa cuta aka ɗauka?

Ba a gane amsar daga launin jinin ko yawansa. Jinin da ido zai gani iri ɗaya yana iya fitowa daga dalilai da dama, akasarinsu ba abin tashin hankali ba ne, amma akwai ɗaya ko biyu da ke iya kashe mace cikin yini guda. Lissafin kwanaki da gwaji ne ke rarrabe su. Kowane gwaji da kowane magani a wannan sha'ani yana da lokacinsa, kuma kunya ce take cinye lokacin.

A ƙasar Hausa, mace mai wannan damuwa ba asibiti take fara nufa ba. Tambayarta ta farko ta sallah ce: in yi ko in bari? Tana kuma da inda za ta kai ta. Duk wadda ta zauna a Islamiyya ta karanta babin haila a Ahalari ta san cewa a Malikiyya iyakar haila kwana 15 ne, mai sananniyar al'ada kuma idan jini ya zarce mata sai ta ƙara kwana 3 a kan kwanakinta, muddin ba ta haura 15 ba. Abin da ya biyo baya jinin ciwo ne, ta yi wanka ta ci gaba da ibadarta. Ahalari har ya ware hukunci ga mai ciki da ta ga jini, wato malamanmu tun ƙarnonin baya sun san ganin jini ba ya kore ciki. Ilimi ne mai daraja. Sai dai fiƙihu hukuncin sallah da azumi yake bayarwa, bai ɗauki nauyin faɗa wa mace abin da ya sa jinin yake zuba ba. Idan malama ta ce, "Jinin ciwo ne, yi sallarki," ta amsa rabin tambaya. Saura a ji wane ciwo ne. Da malamanmu mata za su riƙa rufe irin wannan fatawa da cewa, "Amma 'yar'uwa, ki je a duba ki," na tabbata da an ceci rayuka masu yawa. Kuma ba baƙon abu ba ne a addini. Fatima bint Abi Hubaish da bakinta ta kai wa Manzon Allah (SAW) kukan jinin da ba ya yanke mata, Nana A'isha kuma ta yabi matan Ansar saboda kunya ba ta hana su tambaya.

Daga wurin malama sai kemis, kuma sau da yawa ba ma ita ce za ta je ba. Yaro za a aika da 'yar takarda, ko maigida ya tsaya a hanya ya ce a ba shi maganin tsayar da jini ko maganin sanyi. Mai kemis bai ga mai ciwon ba, bai san ranar da ta yi al'adar ƙarshe ba, bai san ko tana da ciki ba. Zai ƙulla Ampiclox da Flagyl, wataƙila ya haɗa da ƙwayar da ke ɗage al'ada. Jinin na iya lafawa, abin da ya kawo shi yana nan.

Yadda kwanakin suke tafiya

Al'adar lafiyayyar mace tana zagayowa tsakanin kwana 21 zuwa 35, a ƙirga daga ranar farko ta jini zuwa ranar farko ta na gaba, jinin kansa kuma ba kasafai yake wuce mako guda ba. Ƙwai yana fita kimanin kwana 14 kafin al'ada ta gaba, kuma ba ya wuce yini guda idan bai haɗu da maniyyi ba. Maniyyi kuwa yana iya zama a jikin mace har kwana 5 yana jira. Wadda aka sadu da ita ranar Litinin za ta iya ɗaukar ciki ranar Juma'a. Shi ya sa lissafin kwanakin da ba a ɗaukar ciki yake ba da mata masu gajeren zagaye, da waɗanda al'adarsu ba ta da tsayayyen lokaci. Masu goyo ma haka. Shayarwa tana kare mace ne idan jariri bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, al'ada kuma ba ta dawo ba. Da ɗaya daga cikin ukun ya sauka, kariyar ta raunana, kuma ƙwai yana riga jinin farko fita. Kwanika da yawa daga nan take samo asali.

Idan ciki ya shiga, ƙwan yakan ɗauki mako guda zuwa kwana 10 kafin ya manne a bangon mahaifa. Wasu kan ga ɗan ɗigo a wannan tsakanin, kuma da yake ya kusanci ranar da suke jiran al'ada, sai su ɗauka ita ce ta zo a taƙaice. Kusan mace 1 cikin 4 masu ciki tana ganin jini a watanni ukun farko, da yawansu kuma lafiya lau suke haihuwa. Don haka "ai na ga jini" ba hujjar rashin ciki ba ce. Tashin zuciya da kasala da nauyin nono su ma ba hujjar ciki ba ne. Fargaba ita kaɗai tana kawo wasu daga ciki, tana kuma jinkirta al'ada, haka ma zazzaɓi mai tsanani ko rama.

Tsinken gwajin fitsari, wanda mata ke kira PT, shi ne mai raba gardama, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Yana neman wani sinadari ne da jiki ba ya fara fitarwa sai ciki ya manne. Wadda ta yi gwaji kwana 3 bayan saduwa za ta ga layi ɗaya ko da cikin yana hanya, ta saki jiki a kan ƙarya. Lokacinsa shi ne ranar da al'ada ta kamata ta zo ba ta zo ba, wadda kuma ba ta riƙe kwanakinta ba ta jira kwana 21 daga ranar saduwar. Fitsarin farko na asuba ya fi. Layi biyu ciki ne, ko da na biyun dishi-dishi ya fito. Idan ɗaya ne kuma al'ada ta ci gaba da ɓuya, a maimaita bayan mako guda.

Wani babban dalilin rikicewar jini a yau shi ne ƙwayar gaggawa, wadda aka fi sani da Postinor-2. Aikinta jinkirta fitar ƙwai ne, ba ta zubar da cikin da ya riga ya zauna. Ta fi aiki cikin awa 72 na farko, kuma gwargwadon saurin shanta gwargwadon amfaninta. Wadda ta sha ta sa ran ganin ɗigon jini bayan 'yan kwanaki, al'adarta kuma ta iya zuwa da wuri ko ta makara. Idan jinkirin ya haura mako guda, gwaji ya wajaba. Masu shanta sau biyu sau uku a wata sukan wayi gari ba su san ina al'adarsu ta dosa ba, alhali da sun je sashen tazarar haihuwa da an ba su abin da ya fi ta inganci. Ga kuma jabu: a 2025 hukumar NAFDAC ta yi gargaɗi cewa akwai Postinor-2 ta bogi a kasuwa. Abin da mata ƙalilan suka sani shi ne robar mahaifa mai jan ƙarfe, idan aka sa ta cikin kwana 5 da saduwa, tana hana ciki fiye da kashi 99 cikin 100. Shan ruwan gishiri, ko kanwa da lemun tsami, ko haɗiye Ampiclox bayan saduwa, babu ɗayansu da ke hana ciki ko cuta. Allurar wata uku da ashanar fata su ma suna kawo jini ba kan gado, musamman a watannin farko, kuma wannan sananne ne, akwai abin da ake bayarwa a asibiti don sassauta shi.

Cikin da ya zauna a inda ba wurinsa ba

A nan nake so mai karatu ya dakata, musamman magidanta. A cikin kowane ciki 100, ɗaya ko biyu ba ya isa mahaifa. Yakan maƙale a siririyar hanyar da ƙwai ke bi, ya fara girma a wurin. Hanyar ba ta da faɗin da za ta ɗauke shi, don haka wata rana sai ta fashe, jini ya riƙa zuba a cikin cikin mace inda ido ba ya gani. Abin da ke fitowa waje ɗan kaɗan ne, baƙi-baƙi, tsinkakke, irin wanda mace za ta ce, "Al'adata ce take min wasa." Da yawa ba su ma san suna da ciki ba.

Alamominsa sukan bayyana tsakanin mako na 4 zuwa na 12: ciwon mara a gefe ɗaya, ɗigon jini bayan ɓatan wata, wani lokaci ciwo a saman kafaɗa, wanda jinin da ya taru a ciki ne ke haddasa shi. Idan ta fashe sai jiri, gumi mai sanyi, idanu da tafin hannu su yi fari, mace ta yanke jiki ta faɗi. A gidaje da yawa nan ne ake kawo ruwa a yayyafa, a ce iska ce, a kira mai ruƙiya, a jira gari ya waye. Addu'a ba ta hana tafiya asibiti, ana iya yin ta a cikin mota. Matar da ke shekarun haihuwa, ta yi ɓatan wata, ta ji ciwo a gefe ɗaya, ta suma, a kai ta inda ake tiyata da ƙarin jini a wannan daren, ba ƙaramin asibitin unguwa ba. A Kano akwai asibitin Murtala da na Malam Aminu Kano, a Zariya akwai asibitin Shika, a Sakkwato akwai asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo, kuma manyan asibitocin gwamnati na jihohi suna wannan aiki. 'Yan'uwan da za su ba da jini su bi ta tun daga gida.

Idan aka gano shi da wuri ta gwajin fitsari da sikanin, wani lokaci allura kawai ake yi ba sai an yanka ba. Ko an cire hanya ɗaya, mace tana haihuwa da ɗayar. Abin tsoro shi ne yarinyar da ta ga layi biyu, ta ruɗe, ta sayi ƙwayar zubar da ciki a ɓoye ta sha. Ƙwayar ba ta taɓa cikin da ke wajen mahaifa. Za ta ga jini ta ɗauka an gama, shi kuwa yana nan yana girma.

Ɓari shi ma da ɗigo yake farawa, sannan ciwon mara da gudaji. Idan mace tana jiƙa audugar mata guda cikin awa ɗaya, ta sake wata ta jiƙa, ko zazzaɓi ya shigo, ko abin da ke fita yana wari, to akwai saura a mahaifa ko ƙwayar cuta ta shiga, sai an yi wankin ciki. Dokar Arewacin Najeriya ta hana zubar da ciki sai don ceton ran uwa, amma babu dokar da ta hana a yi wa mace mai zubar jini magani, ko mene ne silar zubarsa.

Sanyi, da abin da ke ɓoye a bayansa

Kusan duk wani ƙaiƙayi, farin ruwa, ciwon mara ko zafin fitsari, sanyi ake ce masa, kuma kasuwar maganinsa ta cika ta batse, daga masu lasifika a tasha har masu tallar jarkoki a waya. Matsalar ita ce cututtuka daban-daban ne aka tara a wuri ɗaya. Ƙaiƙayi mai fitar da farin abu kamar dambu yawanci ba ta saduwa ake ɗaukarsa ba, ya fi damun masu ciki da masu ciwon suga da waɗanda suka daɗe suna shan maganin kashe ƙwayoyin cuta. Amma kilamidiya da gonoriya da tunjere ta saduwa suke shiga. Ba a ɗaukar su a masai, duk da yawan faɗin haka da ake yi don a rufa wa juna asiri.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a kowace rana fiye da mutum miliyan 1 ke kamuwa da cutar saduwa mai jin magani. Kilamidiya ce ta fi iya ɓuya. Akasarin matan da ke ɗauke da ita ba sa jin komai. Idan ta nuna kanta, sau da yawa da jini take nunawa: ɗigo bayan saduwa, ko a tsakiyar wata, saboda ta kumbura bakin mahaifa har taɓawa kaɗan ke sa shi jini. In aka bar ta sai ta haura ta ji wa hanyoyin ƙwai rauni. Bayan shekaru matar za ta zo da rashin haihuwa, ko da cikin nan na wajen mahaifa, ba wanda zai tuna ɗigon jinin da aka sha wa jiƙo.

Gwajin kilamidiya da gonoriya ya fi ba da gaskiya bayan mako 2 da saduwa, amma wadda ke da alamu ba za ta jira ba. Ƙananan asibitocinmu da yawa ba su da kayan gwajin, ma'aikaci yana bin alamu ne ya ba da magani, kuma hakan ya fi sayen rabin kati a kemis nesa ba kusa ba. Gonoriya ta riga ta daina jin magunguna da dama da aka saba ba ta, yanzu allura ce ake dogara da ita. Maganin kilamidiya da aka fi bayarwa kuma bai dace da mai ciki ba, wani ake canza mata. Ga dalili ƙarara da ya sa gwajin ciki yake gaba da komai.

Sai maganar da ba a so a ji. Ba a yi wa mutum ɗaya maganin cutar saduwa. Idan gida mai mata uku ne, mutum huɗu ne marasa lafiya, ko da ɗaya ce ta yi ƙorafi. Miji zai ce shi lafiyarsa ƙalau, kuma da gaske ba ya jin komai, amma shi ne yake zagayawa da ita daga ɗaki zuwa ɗaki. A yi wa amarya magani ta warke, ranar girkinta ta dawo mata. Daga nan sai zargi, a ce wance ce ta kawo, a ce asiri ne. Dole kowa ya sha magani a lokaci guda, a kuma dakatar da kwanciya na kwana 7. Namijin da ya karɓi wannan magana daga bakin matarsa ba tare da faɗa ba ya yi wa gidansa babban alheri. Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024, mataki ne mai kyau, amma takardar tana shaidar lafiyar ranar da aka yi gwajin ne kawai.

Ba duk jinin bayan saduwa ne na ciki ko cutar saduwa ba. Bushewar gaba da cushe-cushen kayan mata suna ƙuje fata. Ƙari a mahaifa yana kawo jini mai yawa. A yankunan noman rani da fadamu, irin su Kadawa da Haɗeja da Bakolori da gaɓar kogin Neja, tsargiya tana kama al'aurar mata, ta kawo ƙaiƙayi da jini bayan saduwa, a yi ta yi mata maganin sanyi shekara da shekaru alhali maganinta daban ne, kuma mai sauƙi. Matar da ke wanki ko ɗiban ruwa a rafi ta faɗa wa likita haka. Wadda kuma jinin bayan saduwa yake maimaita mata, musamman idan ta haura shekara 30, ko ta ga jini bayan ta daina al'ada, ta nemi a duba bakin mahaifarta. A 2020 sankarar bakin mahaifa ta kama mata kimanin 12,000 a Najeriya, ta kashe kimanin 8,000, kuma wannan ɗigon yana cikin alamunta na farko. A Oktoban 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinta kyauta.

Awa 72

Ƙanjamau ba ta nuna kanta da jinin al'ada, amma ita ce fargabar da ta fi hana barci. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da ƙwayar, mata kuma sun ninka maza. Akwai maganin da ake kira PEP, wanda idan aka fara shi cikin awa 72 aka sha kwana 28 ba fashi, yana hana ƙwayar kama jiki. Ana samun sa a asibitocin da ke ba da maganin ƙanjamau. Bayan kwana 3 ya wuce. Gwajin tsinke na yatsa kuwa ba ya ba da cikakken tabbaci sai bayan wata 3, don haka sakamakon makon farko labarin baya yake bayarwa, dole a koma.

Wannan lissafi ya fi nauyi a kan yarinyar da aka yi wa fyaɗe. Iyaye kan shafe kwanakin nan uku suna shawarar ko a faɗa ko a rufe, ana kai-komo tsakanin mai unguwa da dangin wanda ya yi ɓarnar. Duk hukuncin da za a yanke, a fara kai ta asibiti. Cibiyar Waraka a Kano, da Salama a Kaduna, da Nana Khadija a Sakkwato, an buɗe su ne don wannan, suna ba da maganin kariya daga ciki da cuta cikin sirri.

Akwai kuma laifin da ke wuyan asibitocin kansu. Budurwa ko bazawara da ta daure ta zo, aka tambaye ta "Ina mijinki?" da ƙarfi a gaban layi, ba za ta dawo ba, ƙawayenta ma ba za su zo ba. Kemis da mai jiƙo ba sa tsawa, shi ya sa suke da ciniki. Ma'aikaciyar jinya tana da damar yin nasiha, amma bayan ta rufe ƙofa, ta yi gwaji, ta ba da magani. Ita ma mai zuwa ta sauƙaƙa wa likita aiki. Zai tambaye ta ranar farko ta al'adar ƙarshe, da ranar saduwar, da duk abin da ta sha ko ta cusa, har jiƙo da ƙwayar gaggawa da abin da ƙawa ta ba ta. Idan ta ɓoye ɗaya, magani na iya karkacewa. Wadda ba ta iya riƙe kwanan wata na Bature ba ta riƙe na Musulunci, ko ta ce kwana kaza kafin Sallah, ko ranar kasuwar da ta wuce. Likita zai iya juya wannan zuwa makonni, daga nan ya san ko fitsari zai fara gwadawa ko sikanin zai tura ta.